Koriyar kwat ɗin Augusta: tarihin gasar Masters, waɗanda suka sa ta da waɗanda aka tsayar a ƙofa

Daren Lahadi 13 ga Afrilun 2025, a agogonmu sha biyu ta ɗan gota, wani ɗan Ireland ta Arewa mai suna Rory McIlroy ya tura ƙwallon golf daga 'yar gajeriyar tazara a ƙarshen gasar Masters, ta faɗa rami, sai kawai mutumin nan ya saki sanda ya zube kan gwiwoyinsa ya kifa goshi a ciyawa yana kuka kafaɗunsa na rawa. Wanda bai san golf ba in ya ga hoton sai ya ce to wannan kuma mene ne, ƙato ɗan shekara 35 da ya tara kuɗin da jikokinsa ba za su iya cinyewa ba yana kuka a kan ƙwallon da ba ta kai ƙwan kaza ba? Kuma fa in ka tambaye shi abin da ya fi so a daren ba dala miliyan 4.2 ɗin da aka ba shi ba ne, wata koriyar kwat ce wadda bayan shekara ɗaya ma dole ya mayar wa masu ita. Don a gane kukan nan sai an koma baya wajen shekara casa'in.

Bari mu fara da yadda ake lissafin wasan a gurguje saboda na san da yawanmu golf, ko ƙwallon lambu kamar yadda wasu ke cewa, daga nesa muke hangensa muna cewa wasan masu kuɗi. Fili yana da ramuka 18. Kowane rami akwai adadin bugun da aka ƙayyade cewa gwani zai yi kafin ƙwallo ta shiga, wani uku wani huɗu wani biyar, shi suke kira par, ni dai zan riƙa cewa ƙa'ida. A filin Augusta jimillar ƙa'idar 72 ce. Ana zagaya filin sau huɗu, Alhamis zuwa Lahadi, wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ya ci. Shi ya sa in ka ji an ce wane yana 11 ƙasa da ƙa'ida to yabo ne. Manyan gasannin maza na duniya huɗu ne: Open ta Birtaniya da aka fara a 1860, US Open a 1895, PGA a 1916, sai autarsu Masters a 1934. Ukun farko yawo suke, bana wannan fili baɗi wancan. Masters kaɗai ce ke zaune wuri ɗaya, garin Augusta a jihar Jojiya ta kudancin Amurka (Augusta fa, ba watan Agusta ba, a watan Afrilu ake yin ta), kuma ba hukumar wasa ce ke shirya ta ba, kulob ne na 'yan ƙalilan masu hali da ba a neman shiga sai dai a kira ka. Komai na gasar nan, daɗinsa da ɗacinsa, daga waɗannan abubuwa biyu ya fito: fili ɗaya, mai gida ɗaya.

Mutum biyu suka kafa ta kuma halinsu ya sha bamban. Bobby Jones lauya ne ɗan Atlanta wanda bai taɓa buga golf don kuɗi ba a lokacin da yake tashe, a 1930 ya kwashe manyan kofuna huɗu na zamaninsa duk a shekara ɗaya, daga nan yana da shekara 28 ya ce ya gama, ya ajiye gasa. Abin da yake so wurin da zai buga wasa da abokansa ba tare da dubban mutane na bin sa a baya ba. Ɗayan kuma Clifford Roberts, ɗan harkar hannun jari a New York, mutum mai tsauri da ba ya wasa da doka. Jones ne fuska, Roberts ne ke riƙe da makulli, kuma ya riƙe shi fiye da shekara arba'in. A 1931 suka sayi wani tsohon lambun rainon itatuwa da furanni, eka 365 a kan dala 70,000, wanda kafin ya zama lambu ma gonar baba ce ta rini, gidan da ke tsakiyarta tun 1854 aka gina shi kuma har yau shi ne babban ginin kulob ɗin. Saboda tarihin lambun ne kowane rami a filin yake da sunan wata bishiya ko fure. Wani likita ɗan Birtaniya da ya koma zana filayen golf, Alister MacKenzie, shi ya tsara filin tare da Jones, sai dai bawan Allah bai ga gasar ko sau ɗaya ba, ya mutu a Janairun 1934 yana bin kulob ɗin bashin kuɗin aikinsa.

Eh, bashi. Mutane yanzu suna ganin Augusta kamar dama can a cikin daula aka haife ta, alhali a tsakiyar karayar tattalin arzikin Amurka aka buɗe ta, mambobi suka ƙi samuwa, kuɗi suka ƙi shigowa. Sun so a kawo musu US Open don a san da su, amma ita a watan Yuni ake yi kuma Jojiya a Yuni zafi ne ba na wasa ba, har yau ma rufe filin ake a watannin zafi. Sai Roberts ya ce to mu yi tamu. Aka sa ta a bazara daidai lokacin da 'yan jaridar wasanni ke dawowa daga Florida inda suke zuwa kallon atisayen 'yan ƙwallon baseball, hanyarsu ce, sai su yada zango. Roberts ya so a kira ta Masters tun farko, wato gasar gwanaye, Jones ya ce a'a wannan ai yabon kai ne, aka sa mata gasar gayyata ta Augusta, sai a 1939 ya haƙura. Horton Smith ne ya ci ta farko a 1934 aka ba shi dala 1,500. Shi kansa Jones an lallaɓa shi ya buga don ya jawo 'yan kallo, ya zo na 13, kuma bai taɓa wuce hakan ba a gasar da ya kafa.

Abin da ya sa duniya ta juyo bugu ɗaya ne a shekara ta biyu. 1935, Craig Wood ya gama wasansa yana gaba da bugu uku, ana ta yi masa barka, Gene Sarazen kuma yana rami na 15 mai ƙa'idar biyar. Bugunsa na biyu daga yadi 235, ƙwallo ta tsallake ruwa ta gangara ta shige rami. Rami mai biyar a bugu biyu, ratar uku ta goge nan take. Washegari aka yi raba gardama na ramuka 36 Sarazen ya cinye. 'Yan jaridar nan da aka yi dabarar tarewa a hanya suka samu abin rubutawa.

Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da gasar daga 1943 zuwa 1945, kuma abin dariya, filin nan da yanzu ko gudu ba a yarda ka yi a kansa ba, shanu da talo-talo aka zuba a ciki ana kiwo.

Ita kwat ɗin asalinta ba ta zakara ba ce. A 1937 mambobi suka fara sawa don baƙo ya gane wa zai tambaya hanya, kamar dai ankon masu hidima a gidan biki. Sai a 1949 aka fara sa wa wanda ya ci, Sam Snead ne na farko. Al'adar ita ce zakaran bara shi ke riƙe wa na bana ya zura hannu, to da Jack Nicklaus ya ci a 1965 ya sake ci a 1966 babu mai sa masa, da kansa ya sa. Zakara yana tafiya da ita gida shekara ɗaya, bayan nan ta koma kabad ɗin kulob, in ya zo ya sa in zai tafi ya cire. Gary Player na Afirka ta Kudu da ya ci a 1961 ya tafi da tasa bai dawo da ita ba, shi da bakinsa yake ba da labarin cewa Roberts ya bugo masa waya, shi Player ya ce masa in yana so ya zo ya ɗauka, suka rabu a kan ba zai riƙa sa ta a bainar jama'a ba. Bayan kwat akwai gayyata ta har abada, wanda ya ci sau ɗaya zai iya dawowa ya buga duk shekara har ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa za ka ga dattijo ɗan sittin yana jan ƙafa cikin samari. Akwai kuma liyafar daren Talata da Ben Hogan ya ƙirƙiro a 1952, tsofaffin zakaru zalla da shugaban kulob, zakaran bara ya zaɓi abinci kuma shi zai biya. Ku riƙe maganar abincin nan za mu dawo kanta.

Daga 1956 tashar CBS ta fara nuna gasar a talabijin, kuma sai Allah ya kawo mutum uku daidai lokacin. Arnold Palmer, ɗan mai kula da ciyawar wani fili a Pennsylvania, mai buga wasa kamar ana bin sa bashi, ya ci a 1958, 1960, 1962 da 1964. Player, wanda shi ne na farko da ya ci cikin waɗanda ba 'yan Amurka ba, ya ƙara a 1974 da 1978, a ta ƙarshen yana da shekara 42 ya taso daga bugu bakwai a baya. Sai Nicklaus mai guda shida, 1963, 1965, 1966, 1972, 1975 da 1986, babu wanda ya kamo shi. Daga 1960 zuwa 1966 kwat ɗin ba ta fita daga hannun su ukun nan ba. Ta 1986 ita ce tsofaffin masu kallo ba sa gajiya da labarinta: Nicklaus yana da shekara 46, jaridu sun gama yi masa ritaya, ɗansa ne ke ɗauke masa jaka, ya buga ramuka tara na ƙarshe a bugu 30 kacal, Seve Ballesteros da ke gaba ya jefa ƙwallo a ruwa a rami na 15, Greg Norman ya ɓata na 18, tsoho ya sa kwat.

Amma ni labarin da ya fi tsaya min a rai na 1968 ne. Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina, ranar Lahadin ce ma ranar haihuwarsa ta 45, ya buga wasan rayuwarsa. A golf abokin zagayenka ne ke rubuta maka maki, kai kuma ka duba ka sa hannu. A rami na 17 ya yi bugu uku, duk duniya ta gani a talabijin, Tommy Aaron ya rubuta masa 4. De Vicenzo bai duba da kyau ba ya rattaba hannu. Doka ta ce in ka sa hannu a kan adadin da ya fi na gaskiya yawa to shi ya zauna. Maimakon kunnen doki da Bob Goalby a je raba gardama, sai ya koma na biyu da bugu ɗaya. Bai zagi kowa ba, kansa ya kira wawa da turancinsa mai tsami. Goalby kuwa da mutane ke gani kamar tsuntsu daga sama gasasshe ya faɗo masa, shekaru ya yi yana karɓar wasiƙun zagi kan laifin da ba shi ya yi ba, alhali shi ma 66 ya buga ranar. Shi kuma Aaron mai kuskuren alƙalami, 1973 ya zo ya ci tasa kwat ɗin. Rabo kenan.

To yanzu ga inda zaman fili ɗaya yake aiki. Tunda kowace shekara ramukan nan ne dai, kowane ɗan wasa yana isowa da tarihin duk wanda ya taɓa faɗuwa a wurin a cikin kansa. Akwai kusurwar da ta haɗa rami na 11, 12 da 13 wadda wani marubuci Herbert Warren Wind ya raɗa wa Amen Corner a 1958, kusurwar amin, kuma sunan ya dace don addu'a ake a wurin. Na 12 shi ne mafi gajarta a filin gaba ɗaya, yadi 155, bugu uku, ko ɗan koyo zai iya kai ƙwallo can. Matsalar ita ce rafin Rae's Creek ya gitta ta gabansa, shimfiɗar da ramin yake siririya ce, gabanta a aske take ƙwallo in ta gaza da taku ɗaya sai ta gangaro ruwa, sannan iska tana juyawa a cikin dogayen bishiyoyin wurin ta yadda tutar 11 za ta nuna gabas ta 12 ta nuna yamma. Za ka ga ɗan wasa ya tsinki ciyawa ya watsa sama, ya kalli bishiya, ya canza sanda, ya sake canzawa. Tom Weiskopf ya yi bugu 13 a ramin nan a 1980. Jordan Spieth da ya ci a 2015 ya zo 2016 yana gaba da bugu biyar saura ramuka tara, ya zuba biyu a ruwa a 12 ya tashi da 7, ƙarshe shi ya riƙe wa Danny Willett na Ingila kwat ya sa, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Greg Norman na Ostireliya kuwa filin nan kamar ya yi masa asiri. 1986 na faɗa muku. 1987 ana raba gardama a rami na 11, Larry Mize, ɗan garin Augusta da yake aikin allon maki a gasar yana yaro, ƙwallonsa ta kauce can gefe, kowa ya ce Norman ya ci, sai Mize ya ɗago ta daga wajen shimfiɗa ta tafi kai tsaye cikin rami. 1996 Norman ya buɗe da 63, ya shiga Lahadi yana gaba da bugu shida, ya buga 78, Nick Faldo ya buga 67 ya ci da ratar biyar, ya rungume shi a rami na ƙarshe don shi kansa abin ya ba shi tausayi. Norman ya yi sati 331 yana na ɗaya a duniya amma bai taɓa zama a liyafar Talata ba. Zamanin nan dama na Turai ne: Ballesteros na Sifaniya ya buɗe ƙofa a 1980 ya ƙara a 1983, Bernhard Langer na Jamus 1985 da 1993, Sandy Lyle 1988, Faldo sau uku, Ian Woosnam 1991, José María Olazábal 1994 da 1999.

Sai dai duk wannan labarin da nake ba ku, akwai mutanen da suke cikin kowane hoto amma ba a rubuta sunansu a allo. Har zuwa 1982 doka ce duk ɗan wasa ya yi amfani da mai ɗaukar jaka na kulob, kadi kenan, kuma dukkansu baƙaƙen fata ne, yawancinsu daga unguwar Sand Hills da ke kusa, cikin farar rigar aiki mai haɗe da wando da koriyar hula. Su suka san filin kamar yunwar cikinsu, su ke gaya wa zakara ƙwallo za ta karkata hagu ko dama. Willie Stokes da ake kira Pappy ya raka zakaru zuwa nasara sau biyar, Willie Peterson shi ke ɗauke da jakar Nicklaus a biyar na farko, Carl Jackson ya yi gasar sau 54 kuma da shi Ben Crenshaw ya ci a 1984 da 1995. Baƙi na ɗaukar jaka, baƙi na dafa abinci, baƙi na zuba shayi, amma babu baƙi ɗaya da ya riƙe sanda a gasar sama da shekara arba'in. Ƙungiyar PGA ta ƙwararrun 'yan golf na Amurka ta cire dokarta ta farare zalla a 1961, Charlie Sifford, baƙar fata, ya ci gasar Hartford a 1967 ya ci ta Los Angeles a 1969, takardar gayyata ba ta zo ba. Kulob ya ce bai cika sharuɗɗan lokacin ba, kuma a takarda haka ne, amma wa ya rubuta sharuɗɗan? Ku duba abin: Bature daga Afirka ta Kudu ta zamanin wariya ya sa kwat tun 1961, baƙin Amurka da aka haifa a jihar maƙwabta bai samu ko shiga ba. Sifford ya riƙe abin a ransa har ya mutu kuma ni ban ga laifinsa ba.

A farkon shekarun 1970 aka sa dokar cewa duk wanda ya ci gasa a babban zagayen Amurka ya samu gayyata kai tsaye. Lee Elder ya ci Monsanto Open a 1974, ya shiga Masters a 1975 yana da shekara 40, barazanar kisa ta yi masa yawa har gida biyu ya kama haya a garin yana sauya wurin kwana. Bai tsallake zuwa ranakun ƙarshe ba, amma ya shiga ta ƙofar gaba. Mamba baƙi na farko kuwa sai 1990, Ron Townsend, shugaban wani kamfanin talabijin, shi ma bayan rikicin da ya tashi a kan wani kulob a Alabama mai suna Shoal Creek da mai shi ya fito ƙarara ya ce ba za a tilasta musu karɓar baƙaƙen fata ba. Mata sun fi kowa jira. A 2002 wata 'yar fafutuka Martha Burk ta taso su, shugaban kulob na lokacin Hootie Johnson ya ce babu mai sa su dole, kuma don kada a matsa wa kamfanonin da ke talla, sai ya sallame su gaba ɗaya aka nuna gasar 2003 da 2004 babu talla ko ɗaya. Wato kuɗin ma ba sa buƙata. Sai 2012, da suka ga dama, suka karɓi Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, da 'yar kasuwa Darla Moore. Wani abin takaici kuma, da aka cire dokar kadi a 1983 'yan wasa suka zo da nasu, mutanen Sand Hills suka rasa aikin, farar rigar ta zauna, masu sa ta suka canza.

A shekarar da Elder ya shiga, a watan Disamba, aka haifi Tiger Woods. 1997 yana da shekara 21, ramuka tara na farko ya buga 40, wato huɗu sama da ƙa'ida, aka fara cewa yaron nan zuzuta shi kawai ake. Ranar Lahadi ya gama da 270, 18 ƙasa da ƙa'ida, ratar bugu 12 tsakaninsa da na biyu, mafi ƙarancin shekaru da mafi girman rata a tarihin gasar. Elder ya zo ranar ya tsaya yana kallo, ma'aikatan kicin suka fito baranda, Tiger ya ambaci sunan Sifford da Elder da Teddy Rhodes ya ce su suka share masa hanya. Sai ga maganar abinci: Fuzzy Zoeller, zakaran 1979, ya ce wa 'yan jarida cikin raha a gaya wa yaron kada ya kawo soyayyar kaza da ganye a liyafar baɗi, abincin da ake yi wa baƙaƙen kudu gori da shi. Ya ba da haƙuri, ya rasa kwangilar tallansa, tabon bai goge ba. Tiger kuwa da Talatar ta zo baga da cuku da madarar kankara ya ajiye musu, abincin ɗan shekara 22.

Bayan nan kulob ya shiga ƙara wa filin tsawo, daga yadi 6,925 a 1997 zuwa sama da 7,500 yanzu, har fili suka saya daga kulob ɗin maƙwabta don su ja rami na 13 baya. Bai hana Tiger sake ci ba, 2001, 2002, 2005. Ta 2005 ita ce mai ƙwallon nan ta rami na 16 da ya bugo ta can sama da ramin ta gangaro a hankali ta tsaya a baki kamar tana shawara, tambarin Nike na kallon kyamara, sannan ta faɗa. Daga nan rayuwa ta juya masa, tonon asirin aure, tiyatar baya har huɗu, kamun 'yan sanda yana cikin mayen magani. 2019 yana da shekara 43, Francesco Molinari na gaba da bugu biyu suka iso rami na 12, Molinari ya nufi tuta ya faɗa ruwa, Tony Finau ruwa, a rukunin gabansu Brooks Koepka da Ian Poulter ruwa. Tiger da ya san ramin tun yana saurayi ko kallon tutar bai yi ba, ya aika ƙwallo tsakiyar shimfiɗa can hagu, ya karɓi ukunsa ya wuce. Ya ci ta biyar, ya rungumi ɗansa Charlie kusan a daidai inda ya rungumi mahaifinsa Earl shekara 22 baya.

Sauran zakarun wannan ƙarni sun nuna yadda ƙofar ta buɗe ta ɓangaren ƙasashe: Vijay Singh na Fiji 2000, Mike Weir na Kanada 2003, Trevor Immelman 2008 da Charl Schwartzel 2011 daga Afirka ta Kudu, Ángel Cabrera ya kai wa Ajantina abin da ya kuɓuce wa De Vicenzo a 2009, Adam Scott ya share wa Ostireliya hawayen Norman a 2013, Sergio García 2017 da Jon Rahm 2023 suka ci gaba da gadon Sifaniya. Phil Mickelson bahago yana da uku, Bubba Watson shi ma bahago biyu, Scottie Scheffler 2022 da 2024. A 2020 korona ta tura gasar zuwa Nuwamba babu 'yan kallo, Dustin Johnson ya buga 20 ƙasa da ƙa'ida wanda shi ne mafi kyau. 2021 Hideki Matsuyama ya zama namiji na farko daga Japan da ya ci ɗaya daga manyan huɗun, kadinsa ya mayar da sandar tuta a rami na 18 ya cire hula ya rusuna wa filin. A safiyar buɗe gasar shekarar ne aka gayyato Lee Elder cikin dattawan da ke bugun buɗe taro tare da Nicklaus da Player, yana zaune da robar iskar shaƙa a hanci, bai iya bugawa ba sai ɗaga sanda da ya yi, a Nuwamban shekarar ya rasu.

Har yau mai gida bai saki makulli ba. Ba a shiga da waya, in an kama ka da ita an kore ka. Ba a ce wa masu kallo 'yan kallo, patrons ake cewa, kamar manyan baƙi, kuma wani mai sharhi Jack Whitaker da ya kira su gungun tarzoma a 1966 shekaru ya yi ba a bar shi ya riƙe makirufo a wurin ba. Talla a talabijin 'yan mintuna ne a awa. Sanwicin cukunsu dala ɗaya da rabi ne a wurin da tikitin bayan fage ke cin dubbai. Shugaban Amurka Eisenhower mamba ne a zamaninsa, wata bishiya a rami na 17 ta dame shi ya kawo ƙara a taron 1956 a sare ta, Roberts ya rufe taron kawai, bishiyar ta tsaya har 2014 da guguwar ƙanƙara ta karya ta. 'Yan wasan da ake gayyata ba sa kai ɗari, alhali sauran manyan gasannin 156 suke ɗauka.

To McIlroy. 2011 yana da shekara 21 ya shiga Lahadi da ratar huɗu, a rami na 10 ya buga ƙwallo ta tafi tsakanin ɗakunan kwanan mambobi inda ba a taɓa ganin kyamara ta leƙa ba, ya tashi da 80. Ya je ya ci sauran manyan ukun kafin ƙarshen 2014, saura wannan kaɗai ya shiga sahun Sarazen, Hogan, Player, Nicklaus da Tiger da suka haɗa duka huɗun. Duk Afrilu tambaya ɗaya ake masa, shekara goma sha ɗaya. Ko a ranar ma sai da ya kusa maimaita tarihi, ya jefa ƙwallo a rafin 13 daga tazarar da ko a mafarki ba ya kuskurewa, ya zubar da ta cin gasa a 18, Justin Rose ya kamo shi a 11 ƙasa da ƙa'ida, aka koma 18 raba gardama. Da ya shiga ɗakin 'yan jarida sanye da kwat ɗin da Scheffler ya sa masa, kafin kowa ya buɗe baki shi ya fara tambayarsu, to baɗi kuma maganar me za a yi.